Ragunan Dutse da Gorar Sitti Ɗaso

Jama'a, kafin kowa ya fara yi min faɗa a ƙasan rubutun nan, bari in riga ku: laifina ne. Ni Manar, da ɗan yatsana na rubuta saƙon da ya sa Majid ya goge hotuna dubu huɗu da ɗoriya daga wayarsa, tafiyar shekara shida, cikin minti goma. Na yi haka ne don in ceci maganar aurenmu. Har yanzu da nake muku wannan rubutun ban san ko cetonta na yi ko kashe ta ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, a Makka aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina Hamad, wanda muke kira Abuya. Hausar da kuke karantawa ta kakata ce, Sitti Ɗaso, wadda ta raine ni a unguwar Nakkasa kafin a rushe layinmu mu dawo wani bene a unguwar Shisha, hawa na uku. In kun ga na yi tuntuɓe ku yi haƙuri, ƙannena ko gaisuwa ba sa ƙarasawa sai sun zame cikin Larabci.

A kantin magani nake aiki, kuma a nan na fara ganin Majid. Dogo, siriri, jallabiyarsa fara tas, amma ƙafarsa cikin wani takalmin igiya da ya sha duniya. Ya ce in ba shi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na wata biyu, da ƙwayar tsarkake ruwan sha, da man shafawa na tsagewar diddige.

Na ce, "Yaƙi za ka je?"

Ya yi dariya ya ce, "A'a, Sudan."

Daga sunansa da na gani a katin da ya biya kuɗi da shi na gane ɗan gida ne, jinin Hausawa irinmu. A wani otal na unguwar Jarwal yake aiki, yana karɓar baƙi. In aikin Hajji ya wuce, gari ya yi sauƙi, sai ya tattara hutunsa ya saɓa jakar goyo ya shiga duniya ta ƙasa, mota bayan mota. Jirgin sama kuwa ya ce zalunci ne, yana ɗauke ka daga gida ya ajiye ka a wani gari ba ka san abin da ke tsakani ba. Bayan ya dawo daga waccan tafiyar ƙanwarsa ta zo kantin da sunan sayen man gashi, ta tsaya tana ƙare min kallo, ta tafi da lambar Ummi, mahaifiyata. Sauran kun san yadda yake tafiya.

Ni da ko hanyar Ɗa'if in muka hau sai na riƙe leda saboda amai, ni ce Allah ya haɗa da wannan mutumin. Wasu samarin waƙa suke turo wa budurwa, shi labarin hanya yake turo min. Yadda ya kwana biyu a kan jirgin ruwa daga Aswan ta Masar zuwa Wadi Halfa ta Sudan, a zaune tsakanin firji da buhunan albasa. Yadda tayar babbar mota ta fashe musu a sahara, direba ya sauka ya fara hura gawayin shayi kafin ya ko kalli tayar. Yadda wani tsoho a kasuwar Shandi ya ji yana ciniki, ya dafa shi ya ce da Hausa, "Kai ɗan wa ne?" ya ja shi gida ya kwana uku ba a bar shi ya sayi ko ruwa ba.

Sai kuma ɗakunan bautar mutanen dā, waɗanda su ne ciwonsa. Ya ce a Luksor ta Masar ya tsaya gindin wani ginshiƙi wanda mutum goma ba za su zagaye shi da hannu ba, ya ga fenti shuɗi a samansa kamar jiya aka shafa, alhali wanda ya shafa ɗin ko ƙashinsa babu. Na tambaye shi, "To kai me kake samu a wurin?"

Ya ce, "Tsoron Allah, ya Manar. In kin ga abin da suka gina, kika ga babu ko ɗaya daga cikinsu, sai girman kanki ya zube."

Na ji daɗin amsar, na kuma ji tsoronta. Wata rana in kwanta ina ganina a bayansa da tawa jakar, washegari in tashi ina cewa anya wannan zai zauna a gida ya sayo gas in ya ƙare? Haka dai nake ta juyawa har aka sa ranar Alhamis, mazan gidansu za su zo wurin Abuya a tsayar da magana.

Ranar Talata da azahar na dawo daga aiki, ko abaya ban cire ba, wayata ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Gurup ɗin dangi ne. Ammi Tsoho, yayan Abuya, wanda tun da ya yi ritaya ya mayar da bincike a waya sana'a, shi ya turo hoto. Ya tono shi ne daga shafin Majid.

Jama'a, ga abin da na gani. Fili fetal, yashi ja. Wasu manyan raguna na dutse a jere, kowanne a kwance kan dandamali, a bayansu ƙofar wani tsohon gini. A gefe kuma ga Majid, ya durƙusa a ƙasa, jakarsa a ajiye, ya ɗaga hannu biyu, kansa a sunkuye. In ka kalla daga inda aka ɗauki hoton, wallahi kamar ragon farko yake roƙo.

A ƙasa Ammi Tsoho ya rubuta: "Ga surukin da za a kawo mana ranar Alhamis. Allah ya tsare mana imaninmu."

Na zauna a bakin gadon Sitti, don ɗaki ɗaya muke kwana. Tana zaune da carbinta, ta leƙo ta kafaɗata kamar yadda ta saba leƙen duk abin da nake kallo.

"Mene ne wannan, ƴar nan? Matso da shi."

"Ba komai ba ne, Sitti."

"Na ce matso da shi. Kamar raguna nake gani."

Na kife wayar na fice, don muryar Abuya ta riga ta cika falo. Yana tsaye da rigarsa ta shan iska, gilashi a goshi, Ummi na gefe tana murza gefen mayafi.

"Manar! Kin san da wannan?"

"Abuya, na san yana tafiye-tafiye, amma..."

"Tafiye-tafiye! Yaron da aka haifa yana jin kiran sallar Harami daga kan gadonsa, mutane na sayar da gonakinsu don su zo inda yake, shi kuma ya bar nan ya tafi durƙusa wa dutse? Kalas, magana ta ƙare. Za su zo Alhamis tunda an riga an ce su zo, ba zan wulaƙanta dattawa ba. Za su sha gahawa, in ba su haƙuri, su tafi."

Ummi ta ce a hankali, "Ya Hamad, ai da an ji ta bakin yaron."

"Idona ya gani, me kunne zai ƙara min?"

Na shige bayi na kulle, na zauna a bakin baho na ciro waya. Ga abin da na rubuta wa Majid, ban rage komai ba, don ku yi min hukunci da gaskiya.

"Majid, Ammi Tsoho ya ga hotonka a gaban gumaka. Gida ya kama da wuta. In kana sona ka goge komai yanzu. Shafin, da hotunan waya, da na kwandon shara, da waɗanda ka ajiye a intanet. Jakar ma ka fitar da ita daga gida. Ranar Alhamis ka ce wa Abuya ƙuruciya ce, ka tuba, ka daina."

Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Can sai ga layi ɗaya.

"Ba za ki tambaye ni abin da nake yi a hoton ba?"

Kun san me na ce? Na ce, "Ba lokacin wannan ba ne."

Gaskiyar da ban gaya masa ba ita ce tsoron amsar nake ji. Ban yarda zai yi shirka ba, wallahi ban yarda ba. Amma wani ɓangare na zuciyata yana raɗa min cewa mutumin da ya yi shekara shida yana shiga irin waɗannan wuraren, wa ya san abin da ya shafo? Na gwammace a binne maganar da in ji abin da ba zan iya ɗauka ba.

Bayan minti goma ya turo hoton fuskar wayarsa, ma'ajiyar hotuna fayau. Ya rubuta, "An gama. Jakar na ba wani mai shara ɗan Bangladesh a otal." Na tura masa zuciya ja, bai ko buɗe ba. Ni ma na bi na goge duk waɗanda ya taɓa turo min, har na Ammi Tsoho, sauran dangi kuma Ummi ta roƙe su kowa ya cire a rufa asiri.

To, a nan sai na gaya muku wani abu game da Sitti.

Tana da shekara takwas iyayenta suka taso daga wani ƙauye kusa da Kano, da ƙafa da jaki, za su Hajji. Shekara uku suka yi a hanya, suna tsayawa su yi noma ko tsintar auduga su sami guzuri su ƙara gaba. Mahaifiyarta ba ta iso ba, a hanya ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn. Duk mun san wannan. Amma in aka ce, "Sitti, a ina?" sai ta ce, "Wajen ragunan dutse." Iyakar abin da ta sani kenan, ba sunan gari, ba na ƙasa. Mahaifinta har ya koma ga Allah bai taɓa yarda a tayar da zancen ba. Da shekaru suka ja, sai gidan ya mayar da abin wasa. In wani ya ɓatar da makulli a ce, "Duba wajen ragunan Sitti." Abuya kan ce mafarkin yarinya ne da zafin rana ya dafa. Ni ma na yi dariyar, ba sau ɗaya ba.

Akwai kuma gorarta. Wata ƴar gorar ƙarfe ce irin ta mahajjatan dā, duk ta lotse, tana cikin kabad ɗinta naɗe da farin ƙyalle. Duk shekara bayan Arfa sai ta sa a kawo mata zamzam, ta shanye na ciki, ta ɗura sabo, ta mayar. Ba mai taɓawa. Ranar da muka bar Nakkasa, katifa da tukwane aka loda a mota, ita kuwa gorar a cinyarta ta riƙe har Shisha. Na taɓa tambayarta ta mece ce, ta ce, "Saƙo ne." Na ɗauka rikicin tsufa ne na ƙyale ta.

Ranar Laraba tun da safe ta addabe ni.

"Ƴar nan, nuna min ragunan jiya."

"Na goge, Sitti."

"Kin me?"

"Na goge. Abin ba kyau, Abuya ya yi fushi."

Ta daɗe tana kallona da idanun nan nata da suka fara yin fari. Abincin rana ma cokali biyu ta ci. Ni kuma kaina ya yi nisa da nawa tashin hankalin, ko kusa ban haɗa wannan da wancan ba. Ku yi ta mamaki, ni ma ina yi.

Alhamis bayan la'asar suka iso, Majid da mahaifinsa da kawunsa. Ummi ta turara majalisin maza, wato falon baƙi, da turaren wuta, ta jera dabino da gahawa da ma'amul, cincin ɗin Larabawa, kamar abin arziƙi za a yi. Ni na sa doguwar rigata ruwan zuma wadda na ɗinka musamman don ranar, na zauna a kicin ina kuka ina goge kwalli. Da na ji sun gama gaisuwa na lallaɓa na tsaya bayan labulen ƙofar majalisin, inda nake hango gefen fuskarsa. Ya rame a kwana biyu, ko kuwa idona ne.

Abuya ya gyara murya. "To, Alhaji, kun zo da alheri, mu ma da alheri muka tarbe ku. Sai dai akwai abin da ya zo mana..."

Ammi Tsoho ya karɓe. "A bar kwana-kwana, ya Hamad. Kai yaro, me ya kai ka gaban gunki?"

Kafin Majid ya buɗe baki na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a bayana. Sandar Sitti ce. Ta yafa farin mayafinta na zuwa Harami, ta ture ni gefe kamar labule, ta shige majalisin maza kai tsaye. A iya rayuwata ban taɓa ganin ta yi haka ba. Duk suka miƙe a rikice.

Abuya ya ce wa mahaifiyarsa, "Yumma, lafiya? Muna da baƙi."

"Na gan su, ba makauniya ba ce tukuna. Zauna, Hamadu. Wanne ne mai yawon?"

Majid ya matso ya durƙusa ya sumbaci kanta. Ta zauna a kujerar Abuya, ta riƙe hannunsa ba ta saki ba.

"Ɗan nan, ragunan nan da ka je, nuna min su."

Ya sunkuyar da kai. "Sitti, ku gafarce ni, babu su. Na goge duka."

"Saboda me?"

"An ce in goge."

Bai faɗi wanda ya ce ba, bai ko kalli labule ba, amma ni na ji kamar a tsakiyar majalisin aka tsayar da ni.

Sitti ta ce, "To tunda ba hoto, ni zan faɗa, kai ka ce e ko a'a. Akwai rijiya a wurin, mai zurfin gaske, wadda ba a jan gugarta da hannu sai an ɗaura wa jaki igiya ya yi ta tafiya?"

Majid ya ɗago da sauri. "Akwai. Har yanzu makiyaya da jakuna suke ja."

"Kusa da rijiyar akwai wani ɗan ɗaki ba rufi, mai tagogi masu baka kamar na masallaci?"

"Akwai, Sitti."

"A bangon babban ɗakin da ke bayansa akwai mutum mai kan zaki?"

"Wallahi akwai." "Sitti, kun taɓa zuwa Naƙa'a, can Sudan, ne?"

Ta maimaita sunan a hankali, sau biyu, kamar mai ɗanɗana abinci. "Ashe yana da suna." Sai ta girgiza kai. "Amma abu ɗaya ya ɗaure min kai. Waɗanda na hango a wayar ƴar nan a kan dandamali suke, a jere. Nawa a zube suke cikin yashi, wani kai kawai ake gani. Har hawa ɗaya na yi, Baba ya daka min tsawa."

Majid ya ce, "Mai gadin wurin ya gaya min haka suke a dā, a zube. Masu tonon tarihi ne suka zo daga baya suka tashe su."

Na ga Abuya ya ajiye kofin gahawar da ke hannunsa.

Ammi Tsoho dai bai saduda ba, ko da yake muryarsa ta sauka. "To mun ji. Amma durƙuson fa?"

Majid ya juya gare shi da ladabi. "Ya Ammi, ba ragon nake fuskanta ba, wanda ya ɗauki hoton ne ya tsaya a bayana. Da na sha ruwa a rijiyar, wani tsohon makiyayi ya tambaye ni asalina, na ce Bahaushe ne daga Makka. Sai ya ja hannuna ya nuna min wasu duwatsu a jere a ƙasa, can gefe. Ya ce kakansa ya gaya masa kaburburan mutanenmu ne, mahajjata masu tafiyar ƙafa da ba su ƙarasa ba. Guda bakwai na ƙirga. Na ga ba mai zuwa musu, shi ne na durƙusa na yi musu addu'a."

Sitti ta ƙara damƙe hannunsa. "A cikin bakwai ɗin, akwai wani ƙarami manne da babba?"

Ya yi shiru yana tunani, kuma wannan shirun ne ya sa na ƙara ganin girmansa, don da wani ne da tuni ya ce e ya wuce wurin. Ya ce, "Sitti, ba zan yi muku ƙarya ba, ban riƙe ba. Na ɗauke su hoto ɗaya bayan ɗaya, har da bidiyon rijiyar. Da suna nan da kun duba da kanku."

Jama'a, a nan ne na toshe bakina da mayafi. Shekara sittin da wani abu tana jiran wanda zai ce mata wurin nan gaskiya ne. Allah ya kawo shi har cikin falonta da hotunan a aljihu, ni kuma na sa ya goge su kwana biyu kafin ta gani.

Sai na ji Abuya ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Akwai ɗaya."

Ya ciro wayarsa. Shi kaɗai ne bai goge ba, ya ajiye ne don ya kafa hujja a gaban baƙi. Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya buɗe hoton, ya ja shi da yatsu biyu har ragunan suka fice daga fuskar wayar, Majid ma ya fice, ya rage ƙasan da ke gaban gwiwoyinsa. Ga su nan kuwa, dishi-dishi, wasu ƴan duwatsu baƙaƙe a jere waɗanda duk cikinmu ba wanda ya lura da su.

Sitti ta kai wayar dab da idonta. Ta shafa gilashin da babban yatsa. Ta ce, "Inna, kin ga Hamadu. Shi ne ɗana na biyu."

Abuya ya kifa kansa a gwiwarta ya fashe da kuka kamar yaro, yana cewa, "Samihini, Yumma, ki yafe min, na ce mafarki ne." Ammi Tsoho ya juya fuska bango yana share ido da gefen ƙyallen kansa. Mahaifin Majid, bawan Allah, ya zo neman aure ya tarar da makoki, sai salati yake yi.

Ba zan ja ku da nisa ba. Kafin magariba Abuya ya ba da ni. Har ya riƙe hannun Majid a bakin ƙofa yana tambayarsa kwana nawa ne daga Jidda zuwa Sawakin ta Sudan a jirgin ruwa, daga can kuma wace mota ake hawa. Ummi ta rangaɗa guɗa a kicin, ƙannena suka cika gurup da furanni, Ammi Tsoho da kansa ya rubuta "Mabruk," wato barka da arziƙi.

Ni kuwa na koma ɗaki na rubuta masa, "Alhamdu lillah! Ka ga yadda Allah ya yi?"

Sai da aka idar da sallar magariba amsarsa ta shigo.

"Baffanki ya tambaye ni, ko da yake cikin fushi. Kakarki ta tambaye ni. Mahaifinki ma ya saurara. Ke kaɗai ce kika ce in tuba ba ki san laifin ba. Na ce wa babana a dakata da sa ranar ɗaurin aure."

Na karanta ya fi sau goma. Duk gidan na murna an ba shi ni, ashe shi ne bai gama karɓa ba. Na rubuta "ka yi haƙuri" na goge. Na rubuta "tsoro ne ya sa" na goge. Na fara jin haushinsa ma, ina ce saboda shi na yi? Sai kuma in tuna fuskarsa lokacin da ya ce "an ce in goge," haushin ya dawo kaina. A ƙarshe na rubuta abin da ya kamata in rubuta tun ranar Talata, duk da na riga na san amsar.

"Majid, me kake yi a hoton nan?"

Wannan karon bai ɓata lokaci ba.

"Amsar ba ta shiga waya, kin ga abin da waya ta yi mana. Tana can, kwana ɗaya a ruwa, kwana biyu a mota, sai tafiyar ƙafa kaɗan. In an ɗaura, zan sayi jaka biyu. In kin ce ɗaya ma ba za a saya ba, gara ki gaya min tun yanzu, don na gwada zama mutumin da kike so na kwana biyu, ban iya ba."

Ni da hanyar Ɗa'if ke sa wa amai. Ni da ban taɓa kwana a inda ba na'urar sanyaya ɗaki ba. Ina sonsa, wannan kam na sani, amma wanne nake so, mai jakar ko wanda na so in ƙera ba jaka? Ina zaune ina kallon saƙon, na ji ƙarar kabad a bayana.

Sitti ce. Ta kwance farin ƙyallen, ta taho da sandarta a hankali, ta ɗora min gorar ƙarfen nan a cinya, a kan wayar. Ta fi yadda nake zato nauyi.

"Da Innata tana naƙuda ta ce ƙishirwa take ji, ruwan rijiyar kuma ya ƙi zama a cikinta. Na ce mata, Inna ki yi haƙuri, in mun isa zan kawo miki zamzam." Ta gyara mayafinta. "Ni ƙafata ta ƙare, ƴar nan. Hamadu kuma ga ciwon suga."

"Sitti, ni fa ko mota..."

"Ni da ƙafa na zo, ina da shekara takwas."

Ta koma kan sallayarta ta ɗauki carbi. A ƙarƙashin gorar wayata ta yi haske, na ɗaga na duba. Majid ne.

"Ɗaya ko biyu?"